Shirin fansho ga ma'aikacin gwamnati a Abuja: abin da za ka gyara tun kana ofis, da yadda za ka karɓi kuɗinka

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman firamare da sakandare an ɗaga musu zuwa shekara 65 ko 40 na aiki tun dokar 2022, farfesoshin jami'a kuma 70. Ke nan tun ranar da ka kama aiki ka san ranar da za ka bar shi. Ɗauko takardar kama aikinka da takardar haihuwarka, ka lissafa ranakun biyu, ka rubuta wadda ta fi kusa. Duk abin da za mu faɗa a nan daga wannan rana ake ƙirga shi a dawo baya, domin yawan abin da zai riƙa shigo maka kowane wata bayan ritaya ana yanke shi ne shekaru kafin ka zauna gaban jami'in fansho.

Yadda kuɗin ke taruwa

Tun 2004 aka bar tsohon tsari, inda gwamnati ke biyan fansho da giratuti daga kasafin kuɗi, aka koma tsarin karo-karo. Dokar 2014 ta ɗaga abin da ake zubawa: kashi 8 cikin 100 daga albashinka, kashi 10 daga wanda ya ɗauke ka aiki, jimilla 18. Ana lissafin ne a kan gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan uku sun kai naira 200,000 a wata, za a cire maka 16,000, gwamnati ta ɗora 20,000, sai 36,000 su shiga asusunka, wato 432,000 a shekara, ban da riba.

Asusun naka ne, da sunanka, da lambar da ta fara da PEN. Kamfanin da ke juya kuɗin shi ake kira PFA, amma ba a hannunsa kuɗin suke ba, suna wurin wani kamfanin ajiya daban, PFC. Hukumar PenCom, mai hedikwata a Wuse II, ita ke sa ido a kansu duka. Sojoji da jami'an leƙen asiri ba sa cikin wannan tsari, haka ma tsofaffin da ya rage musu shekara 3 ko ƙasa da haka a 2004, waɗannan tsofaffin hukumar PTAD ke biyan su. Wanda kuma yake aiki da gwamnatin jiha ya dawo Abuja da zama, ya fara bincika dokar jiharsa, don ba kowace jiha ce ta shiga tsarin ba.

Abin da ya fi cutar da ma'aikata a nan shi ne ɗauka cewa tunda an cire a takardar albashi, to kuɗin sun shiga. Ba lallai ba ne. Nemi cikakken bayanin asusunka daga PFA, tun daga watan farko, ka ajiye shi gefe da takardun albashinka na IPPIS, wato tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya, ka bi wata-wata da biro. A bayanin za ka ga layin kowane wata da gida biyu, kasonka da kason gwamnati. Inda ka ga an tsallake wata, ko an ƙara maka girma amma abin da ake zubawa bai motsa ba, sa alama. Wannan yakan faru ne lokacin sauya ma'aikata, ko lokacin da aka dakatar da albashi aka dawo da shi, ko kuma lambar da ke ofishin albashi ba ita ce ta asusunka ba. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, kuma wanda ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. Rubuta wa jami'in teburin fansho na ma'aikatarka, ka ba PFA kwafi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Giɓin wata uku da aka gano bana ana cike shi da wasiƙa ɗaya. Wanda aka gano bayan shekara 15, sau da yawa ma'aikacin da ya san zancen ya daɗe da barin wurin, kuma ribar da kuɗin za su haifar a tsawon shekarun ta wuce.

Takardu

A nan ne aka fi makalewa, kuma a nan ne gyara ya fi araha idan aka yi shi da wuri. Suna da ranar haihuwa dole su zo ɗaya a wuri huɗu: fayil ɗinka na ofis, lambar NIN, asusun fansho, da asusun banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko Abubakar Sadiq a wata takarda, Sadiq Abubakar Musa a wata, ya isa ya tsayar da biya. Mata ma'aikata da suka sauya suna bayan aure su tabbatar suna da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida, kuma an sa su a fayil. Game da ranar haihuwa, ƙa'idar aikin gwamnati ita ce abin da ka rubuta ranar kama aiki shi ke nan har ka gama. Idan akwai saɓani, sauran takardun ne za a daidaita da fayil, ba fayil da su ba.

Duk wanda ya buɗe asusunsa kafin Yulin 2019 sai ya je PFA an sake ɗaukar bayanansa da hotonsa an haɗa da NIN. Wanda bai yi ba, ba zai iya sauya kamfani ba, ba kuma za a biya shi ba. Akwai kuma masu lamba biyu, galibi waɗanda wakilan kamfanoni suka yi wa rajista sau biyu a shekarun farko lokacin da suke bin ofis-ofis a Sakatariya. Haɗe lambobin yana cin lokaci, don haka a fara shi yanzu.

Tanadi jaka ɗaya a gida, ba a ofis ba, ka zuba: takardar kama aiki ta farko, takardar tabbatarwa, duk takardun ƙarin girma, takardun sauyin wurin aiki, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardun albashi. Ɗauki hoton kowace da waya ka aika wa kanka ta imel. Kada ka dogara da cewa suna cikin fayil a rajistara. Fayil na yagewa, shafuka na zubewa, musamman na wanda ya yi yawo tsakanin ma'aikatu.

Ga wanda ya kama aiki kafin ƙarshen Yunin 2004, wannan jaka ta fi muhimmanci, saboda yana bin gwamnati haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Ana lissafa wannan haƙƙi ne daga matakin albashin da yake kai a lokacin sauyin da kuma shekarun da ya riga ya yi. Idan takardar da ke nuna matakinka na 2004 ta ɓace, ko aka rubuta mataki na 7 alhali kana na 8, kuɗin za su ragu, kuma ga ma'aikacin da ya daɗe wannan kaso babba ne a cikin abin da zai samu.

Wane rukuni kuɗinka suke

Tun Yulin 2018 aka kasa kuɗin fansho rukuni-rukuni gwargwadon kasadar da ake yi da su. Wanda bai kai 50 ba ana ajiye shi a rukuni na 2 kai tsaye. Idan yana son a ƙara zuba kuɗinsa a hannayen jari, inda riba kan fi yawa amma faɗuwa ma ta fi yawa, sai ya rubuta ya nemi rukuni na 1. Da ya cika 50 za a mai da shi rukuni na 3, mai taka-tsantsan, yana iya neman komawa na 2 amma ba na 1 ba. Rukuni na 4 na 'yan fansho ne. A ganinmu, matashin da ya rage masa shekara 25 bai kamata ya ji tsoron rukuni na 1 ba, yana da lokacin da kasuwa za ta faɗi ta tashi. Wanda ya rage masa shekara 4 ba shi da wannan lokacin.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, tun 2021 akwai rukuni na 6, wanda ake zuba kuɗinsa a sukuk da sauran harkokin da ba ruwa a ciki, kuma yana da ɓangaren masu aiki da na waɗanda suka yi ritaya. Ba a kai mutum can sai ya nema a rubuce. Mutane da yawa da wannan al'amari ya dama ba su san ƙofar a buɗe take ba.

Haka kuma tun Nuwamban 2020 kana iya sauya PFA sau ɗaya a shekara, kyauta, kuma sabon kamfanin da kake so shi za ka je wa. Kafin ka sauya, kwatanta ribar shekara uku zuwa biyar, ba ta wata shida ba, ka kuma duba ko suna da ofis a garin da za ka zauna bayan ritaya.

Kashi 18 ba zai isa ba

Gara a faɗi wannan a fili. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wato naira 100,000 ta koma tana sayen abin da kusan 77,000 ke saya shekara guda kafin nan. Don haka sai da ƙari.

Hanya ta farko ita ce gudummawar ganin dama, wadda za ka sa ofishin albashi ya riƙa cirewa yana zubawa a asusunka, muddin ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Naira 10,000 a wata na shekara 15 ta zama miliyan 1.8 kafin a sa riba. Rabin abin da ka zuba ana kulle shi sai ritaya, rabi kana iya cira kafin nan, sai dai cirewa kafin kuɗin su shekara 5 yana jawo haraji. Alherinta shi ne kuɗin ba sa biyowa ta hannunka, balle biki ko suna su cinye su.

Ta biyu, takardun bashin gwamnatin tarayya. Ofishin kula da bashin gwamnati, DMO, yana sayar da na ƙananan masu ajiya daga naira 5,000, na shekara 2 ko 3, ana biyan riba duk wata uku, sannan akwai sukuk na gwamnati da ake fitarwa lokaci-lokaci tun 2017. Adashi da ƙungiyar gama kai ta ofis suna da amfani wajen sayen fili ko kayan gini, amma ka lissafa yadda duk bashin da ka ci zai ƙare shekara guda kafin ritaya. Shiga ritaya da bashin ƙungiya yana nufin kuɗin farko da za ka karɓa na wasu ne.

Sai maganar gida, wadda a Abuja ita ce uwa uba. Fansho ba ya ɗaukar hayar Kubwa ko Lugbe, ko ta Mararaba ma da ƙyar, balle ga mai gida yana neman kuɗin shekara a dunƙule. Tun saura shekara 10 ka yanke shawara: zama za ka yi ko komawa gida? Idan komawa ce, a fara ginin can da albashi, ɗaki-ɗaki. Idan zama ne, ƙa'idar da PenCom ta fitar a 2022 ta ba ka damar ɗaukar har kashi 25 na asusunka a matsayin kafin alƙalami na bashin sayen gida, da sharaɗin an zuba maka na wata 60 kuma saura aƙalla shekara 3 ka yi ritaya. Miji da mata ma'aikata na iya haɗa nasu. Sau ɗaya ake yi, kuma ka sani cewa abin da ka ɗauka daga fanshonka na wata-wata ya fita.

Akwai wani kashi 25 ɗin da ake rikita shi da wannan: na wanda ya rasa aiki kafin ya kai 50 ya kuma yi wata 4 bai samu wani ba. Wanda ke sha'awar ajiye aiki da wuri ya lura, idan bai kai 50 ba wannan kaɗai zai taɓa, sauran sai ya cika, sai fa idan rashin lafiya ce ta sa ya bari kuma likitoci suka tabbatar.

Shekarar ƙarshe

Ma'aikatan hukumomin da baitulmali ke biya ana tantance su ne tun kafin ritayarsu. PenCom ke sanar da lokacin, tun 2021 kuma ta intanet ake fara rajista, sannan ka kai ainihin takardunka PFA a duba, a ɗauki hotonka, a ba ka takardar shaidar an yi maka. Karanta ta a nan take: suna, ranar kama aiki, mataki, ranar ritaya. Wanda ya bari zagayen tantancewar ya wuce shi, sunansa ba ya shiga lissafin kuɗin haƙƙin tsohon tsari da za a ware, sai ya jira.

Saura wata 6 ka sanar da PFA. Saura wata 3 ka miƙa wa ma'aikatarka takardar sanarwar ritaya. Kada ka manta da kuɗin asusun gidaje na NHF, kashi 2.5 da ake cire maka: idan ba ka da bashinsu, bankin FMBN zai mai do maka da su, amma sai ka cike fom ta ofishinka, ba sa zuwa da kansu.

Abin da ya fi ɗaga wa sababbin 'yan fansho hankali shi ne tazarar da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Albashi yana tsayawa cak, fansho kuwa yakan jira sai haƙƙin tsohon tsari ya shigo asusu, kuma an sha ganin wannan jira ya kai watanni masu yawa, wani lokaci ya haura shekara. Tanadi kuɗin cefane, magani da makarantar yara na aƙalla wata 6, in da hali 12, a asusun da ba ka taɓawa. Wanda ba shi da wannan, matsi ne zai zaɓa masa a mataki na gaba.

Ranar sa hannu

PFA zai zaunar da kai ya nuna maka lissafi. Abu huɗu ke shiga ciki: jimillar asusunka, albashinka na ƙarshe, shekarunka, da ko namiji ne kai ko mace, don ana ƙiyasta mata sun fi tsawon rai. Dunƙulallen kuɗin da za ka ɗauka a farko ba adadi ɗaya ba ne ga kowa. Ma'aunin shi ne a bar abin da zai ba ka fansho kusan rabin albashinka na ƙarshe, shi ya sa abokan aiki biyu masu mataki ɗaya kan fito da adadi daban. Idan kuwa asusun ya yi ƙanƙanta har ba zai iya ba da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi a wata ba, sai a ba mutum kuɗinsa gaba ɗaya.

Kowa yana son ya ɗauki iya abin da aka yarje masa. Duba lissafin tukuna. Mai miliyan 12 da ya ɗauki miliyan 3 ya bar 9. Da ya ɗauki 4.8 sai ya bar 7.2, fanshonsa na kowane wata ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar har ƙarshen rayuwarsa. Idan ƙarin zai rufe kwanon gida ya raba ka da haya, ya cancanta. Idan mota ce, ko auren 'ya'ya da za a iya yi daidai ƙarfi, bai cancanta ba. Nemi a buga maka lissafin iri biyu, mafi ƙaranci da mafi yawa, ka tafi da su gida ka kwana a kai, ka yi shawara da iyali. Ba wanda zai tilasta maka sa hannu a ranar.

Sauran kuɗin hanya biyu ce. Ta farko, su zauna a PFA ana ci gaba da juya su ana biyan ka duk wata ko duk wata uku, a takardunsu PW suke rubutawa. Idan an samu riba mai kyau akan ƙara fanshon lokaci-lokaci, kuma idan ka rasu duk abin da ya rage na magada ne. Kasadarta ita ce tsawon rai na iya cinye asusun. Ta biyu ita ce anuwiti: a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai da ke ƙarƙashin hukumar NAICOM, shi kuma ya biya ka har ranar da ka koma ga Allah, ko shekara 40 ka ƙara. Amma garantin magada shekara 10 ne kawai. Wanda ya rasu a shekara ta 6, iyalinsa za su karɓi na shekara 4 da suka rage, wanda ya rasu a ta 12 kuwa ba abin da za su karɓa.

Abin lura mafi girma: daga PW ana iya komawa anuwiti daga baya, amma daga anuwiti ba a dawowa PW. Saboda haka wanda yake kokwanto ya fara da wadda ke da ƙofar fita. Mai ƙananan yara ko mata fiye da ɗaya da ke dogara da shi, galibi PW ta fi dacewa da shi. Wanda yaransa suka kama ƙasa, yake da ƙoshin lafiya, babbar damuwarsa kada kuɗi su ƙare yana raye, anuwiti na da ma'ana a gare shi. Wakilan ɓangarorin biyu za su yi ta kiran wayarka a watannin nan, kowanne da kamashonsa. Ce wa kowanne ya rubuto adadin da zai biya a wata da abin da magada za su samu.

Da dunƙulallen kuɗin sun shigo, bar su su yi wata uku ba ka taɓa ba, ban da abin da ka riga ka tsara. A wannan lokacin ne masu kawo harkar da ke ninka kuɗi a wata guda suke bayyana, wasu ma ta hannun abokan aiki da 'yan'uwa. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba. Duk kamfanin da ba ya cikin rajistar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ko Babban Banki, kada ka ba shi ko sisi. Idan a banki za ka ajiye, inshorar NDIC tana rufe har miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci tun 2024, don haka mai fiye da haka ya raba su banki biyu. Sana'ar da ba ka taɓa yi ba, kiwon kaji ko kifi ko sufuri, a gwada ta da ƙaramin jari tun ana karɓar albashi.

Inshorar lafiyar da kake amfani da ita ta ofis tana tafiya da aikin. Kafin ka fita ka je hukumar inshorar lafiya ta NHIA ka tambayi shirin GIFSHIP, wanda mutum ke biya wa kansa da iyalinsa shekara-shekara, ka sa kuɗinsa cikin kasafinka, musamman idan akwai hawan jini ko ciwon suga a gidan.

Iyalinka su san sunan PFA ɗinka da lambar asusunka da inda jakar takardu take. Wanda ka rubuta a matsayin makusancinka a fom ba shi ne magaji ba, shi ne kawai wanda za a tuntuɓa. Kafin a saki kuɗin mamaci sai an kawo takardar shaidar rasuwa tare da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado daga kotu, sannan a raba bisa gado. Idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, ban da abin da ke asusunsa akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa gwamnati ta yi masa, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan ta ma'aikatarsa ake bin ta, daban da kuɗin PFA, kuma sai iyali sun rubuta sun nema.